Igiya Tsakanin Kwamfuta Biyu

Kwamfuta, wadda ake kira ordinateur da faransanci, ta shigo garuruwanmu. Ana ganin ta a ma'aikatun Agye da Gazawa da Gidan Rumji, da shagunan masu buga takardu da masu fidda hotuna. Wasu malamai da ɗalibai da ƴan kasuwa suna da tasu a gida.

Duk abin da aka ajiye cikin kwamfuta, wasiƙa ce, ko hoto, ko murya, ko lissafin kuɗi, sunansa kundi. Da faransanci fichier ake cewa, wasu kuma suna ce masa fayil. Kundaye masu yawa ana tara su cikin gafaka, wato dossier, kamar yadda malami yake tara takardunsa cikin gafakar fata.

Kwamfuta tana tsufa. Ƙurar hunturu tana shiga cikinta, zafin bazara yana gajiyar da ita. A ce wani malami a Gazawa yana da tsohuwar kwamfuta. A cikinta akwai darussan da ya rubuta shekara 8, da makin ɗalibansa, da hotunan iyalinsa. Ta fara mutuwa da kanta ana cikin aiki. Ya yi tanadi ya sayi sabuwa. In tsohuwar ta lalace kafin ya kwashe kundayensa, aikin shekara 8 ya salwanta. To, ta wace hanya zai kai su cikin sabuwar?

Hanyoyi uku

Hanya ta farko ita ce intanet. Sai ya aika kundayen daga tsohuwar kwamfuta, ya sauke su da sabuwar. Amma ku lura da tafiyar da za su yi. Za su fita daga gari, su je wata babbar kwamfuta da ke nesa, sau da yawa a Turai ko Amurka, sannan su komo ɗakin da suka baro. Malamin zai biya mega wajen aikawa, ya sake biya wajen saukewa. Wannan kamar mutumin Agye ne da zai je Gazawa, ya hau mota ya bi ta Yamai, tafiyar fiye da kilometir 600, sannan ya juyo. Alhali garuruwan biyu maƙwabta ne a kan babbar hanya mai lamba 1.

Hanya ta biyu ita ce kile USB, ƴar ma'ajiyar nan da ba ta kai yatsa tsawo ba. Tana da amfani in kundayen kaɗan ne. In sun fi ƙarfin cikinta, sai an yi ta kai da komo. Kuma kile da ta yi yawo shago-shago takan ɗauko cutar kwamfuta, wadda ake kira birus.

Hanya ta uku ita ce igiyar sadarwa, câble réseau da faransanci. A sa kai ɗaya a tsohuwar kwamfuta, ɗaya kan a sabuwa. Kundaye su bi igiya su wuce. Ba a buƙatar intanet, ba a biyan ko dala. Wannan hanya za mu koya yau.

Amma igiya ita kaɗai ba ta isa ba. Mai kai saƙo yana buƙatar hanya, yana buƙatar sanin gidan da za shi, kuma sai mai gida ya ba shi izinin shiga. Haka kwamfuta take. Za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ke cikin igiyar

In aka feɗe robar da ta rufe igiyar, za a tarar da siraran wayoyi 8 na jan ƙarfe. An tufke su biyu-biyu, kamar igiyar rama ko ta kaba. Tufka 4 ke nan: mai ruwan goro, da tsanwa, da shuɗiya, da mai ruwan ƙasa.

Igiyar rijiya ana tufka ta don ta yi ƙarfi. Ita wannan dalilinta daban ne. Wayoyin lantarki da injunan da ke kusa suna zuba wata irin hayaniya cikin jan ƙarfe, wadda kunne ba ya ji amma tana ɓata saƙo. In wayoyi biyu suka tufku, suna ta sauya wuri, hayaniyar sai ta faɗa kan kowace daidai wa daida. Kwamfutar da ke karɓa tana auna bambancin da ke tsakanin wayoyin biyu ne kawai. Abin da ya faɗa musu daidai ba ya shiga lissafinta. Alexander Graham Bell, wanda ya yi suna wajen ƙirƙiro tarho, shi ya yi rajistar wannan dabara a Amurka cikin 1881.

A kowane ƙarshen igiya akwai kai na roba mai ƴan haƙora 8 masu ruwan zinariya. Masu gyara suna ce masa RJ45. Yana da ɗan harshe a bayansa. In aka tura shi cikin kafarsa a jikin kwamfuta, sai a ji ƙas, ya kama. In za a cire, sai a danne harshen tukuna. Wanda ya fizga da ƙarfi ya karya shi.

Wannan igiya ba irin ta wutar lantarki ba ce. Babban layin da aka jawo daga Katsina zuwa Gazawa an yi shi don ɗaukar volt dubu 132, kusantarsa ma halaka ce. Wutar da ke gudu cikin igiyar sadarwa tsakanin kwamfuta biyu kuwa ba ta kai ta batir biyu na tocila ba. Aikinta ɗaukar magana ne.

Yadda hoto yake bin waya

Kwamfuta ba ta san baƙi ko wasali ba, ba ta san launi ba. Alama biyu kaɗai ta sani: 1 da 0. Ku ɗauka yara biyu ne da tocila cikin dare, ɗaya a wannan gona, ɗaya a waccan. Sun shirya cewa haske 1 ne, duhu 0 ne. Da wannan shiri suna iya gaya wa juna kome, in sun yi haƙuri.

Kowace alama ɗaya sunanta bit. Bit 8 su ne octet ɗaya. Babban harafin A, misali, ana rubuta shi haka: 01000001. Octet miliyan ɗaya shi ne mega, mega 1000 kuma su ne jiga. Kun san waɗannan sunaye daga bakin masu sayen intanet a wayar salula.

Hoto mai kyau yana iya kai mega 3, wato octet miliyan 3. Kwamfuta ba ta tura shi dunƙule. Ku tuna da fataken aya a kasuwannin Agye da Cadawa. Ba su zuba aya tsirara cikin mota. Suna ɗura ta a buhuna, su ɗinke, su rubuta alamar mai kaya a jikin kowane buhu. Haka kwamfuta take yanka kundi ƙanana-ƙanana. Kowane ƙunshi ba ya ɗaukar fiye da octet 1500. Hoton nan ɗaya zai zama sama da ƙunshi 2000.

A jikin kowane ƙunshi akwai adireshin mai aikawa, da na mai karɓa, da lambar da ke nuna wurinsa cikin jeri. A ƙarshensa kuma akwai lambar shaida. Mai aikawa tana yin wani lissafi da alamomin da ke ciki, ta rubuta amsar. Mai karɓa ta sake yin lissafin. In amsarta ta yi daidai da wadda aka rubuto, ƙunshin lafiya ya iso. In ta saɓa, sai ta yar da shi, mai aikawa ta sake turo wani. Da sun cika, sai ta jera su bisa lamba, hoto ya tashi sak yadda yake.

Akwai wurin da kundi ya bambanta da aya. Buhun da ya tafi Maraɗi ya bar sito. Kundin da aka kwafa yana nan inda yake. Ya fi kama da ɗibar wuta: yarinya ta je maƙwabta ta ɗebo garwashi ta hura murhun gidansu, wutar maƙwabta kuma tana nan tana ci.

Baki da kunne

Wataƙila kun taɓa yin tarhon wasa da gwangwanin tumatir biyu da zare. Ɗaya ya sa gwangwani a baki, ɗaya ya sa a kunne. In duka biyun suka sa a baki, babu mai jin wani.

Tsofaffin kwamfutoci suna da wannan matsala. Suna magana ta haƙori na 1 da na 2, suna saurare ta na 3 da na 6. In aka haɗa biyu da igiyar da wayoyinta suka tafi miƙe, baki ya gamu da baki, kunne ya gamu da kunne. Saboda haka ake yin igiya ta musamman, mai gicciye, câble croisé. A cikinta, tufka mai ruwan goro da tsanwa sun yi musanyar wuri a kai ɗaya. Bakin wannan ya je kunnen waccan.

Kuna iya gane ta da ido. Ku jera kawunan biyu gefe da gefe, ku dubi launukan. In jerinsu iri ɗaya ne, igiyar miƙaƙƙiya ce. In ruwan goro da tsanwa sun sauya wuri, mai gicciye ce.

Kwamfutocin yanzu sun koyi gyara wannan da kansu. Da an haɗa su, ɗaya takan juya bakinta da kunnenta har su ji juna. In ɗaya daga cikin biyun ta iya wannan, kowace igiya ta wadatar. Sai in duka biyun tsofaffi ne ƙwarai ake neman mai gicciye.

Adireshi

Hanya ta samu. Saura sanin gida. Kowace kwamfuta da ke kan igiya tana buƙatar adireshi, wanda ake kira adresse IP. Lambobi 4 ne da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255.

A ma'aikata akwai na'urar da ke raba adireshi. A ɗakin malaminmu babu ita. In kwamfuta ta jira ba wanda ya ba ta, takan zaɓa wa kanta wanda ya fara da 169.254. Wannan yakan ɗauki kamar minti ɗaya. Mutum kuma yana iya rubuta musu da hannunsa. Misali, tsohuwar ta zama 192.168.1.1, sabuwar ta zama 192.168.1.2. A ƙarƙashin adireshin akwai wani layi mai suna masque, a rubuta 255.255.255.0 a duka biyun. Ma'anarsa ita ce: lambobi 3 na farko sunan unguwa ne, ta ƙarshe lambar gida ce.

Daga nan ƙa'ida biyu suka fito. Dole unguwar ta zama ɗaya, in ba haka ba ba za su nemi juna ba. Dole lambar gida ta bambanta, don in gida biyu suka ɗauki lamba ɗaya mai kai saƙo ya rikice.

Ana iya gwada ko suna jin juna. A sabuwar kwamfuta, a buɗe tagar ba da umurni, a rubuta ping 192.168.1.1. Wannan sallama ce. In tsohuwar ta ji, sai amsarta ta bayyana a allo. In an ji shiru, a duba igiya, a duba adireshi, sannan a duba mai gadi.

Izini

Kowace kwamfuta tana da mai gadi, pare-feu da faransanci. Aikinsa hana baƙon da ba a sani ba shiga. Igiyar da aka sa yanzu baƙuwa ce a wurinsa. Sai mai kwamfuta ya shiga wurin shirye-shiryen réseau, ya kunna rabon kundaye, partage de fichiers.

Ko bayan haka ba a buɗe gida duka. Baƙo a zaure ake saukar da shi. Mai kwamfuta zai zaɓi gafakar da yake son a gani, ya yi mata partage. Izinin iri biyu ne: na karatu, da na karatu da sauyawa. Mai izinin karatu yana gani, yana kwafa, amma ba ya iya shafe kome. Ga malaminmu wannan ya isa, kuma shi ya fi kiyaye kayansa.

Aikin daki-daki

Ga yadda malamin zai yi in kwamfutocinsa masu Windows ne:

1. Ya cika batir ɗin kowace, ko ya tabbatar akwai wuta. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki tana yanke kundi.
2. Ya binciki tsohuwar da maganin birus. Igiya ba ta tace cuta: kundi mai cuta da cutarsa zai wuce.
3. Ya tara kundayen cikin gafaka ɗaya.
4. Ya sa igiya har ya ji ƙas a kowane gefe. A kwamfutoci da yawa akwai ƴan fitilu a bakin kafar, sai su kama. In sabuwar siririya ce marar kafa, akwai ɗan mahaɗi da ake sa wa a kafar USB.
5. Ya ba kowace adireshi, ya gwada sallama.
6. Ya kunna rabon kundaye, ya buɗe gafakar da izinin karatu.
7. A sabuwar, ya rubuta \\192.168.1.1 a layin adireshi na tagar kundaye. Za a tambaye shi suna da kalmar asiri na tsohuwar. Ya rubuta.
8. Ya zaɓi copier, ya zo sabuwar ya yi coller. Kada ya zaɓi couper, don shi yana kwashe kundi daga inda yake.
9. In an gama, ya duba yawan kundaye da nauyinsu a gefe biyu, ya buɗe wasu ya gani da idonsa. Gani ya kori ji.
10. Ya rufe rabon, ya cire igiya, ya mai da adireshi yadda yake da.

Kada ya yi gaggawar shafe na tsohuwar. Kundi mai muhimmanci a wuri biyu ake ajiye shi. Manomi mai hankali ma ba ya zuba irin shukarsa duka a rumbu ɗaya.

Minti nawa za a yi?

Mu yi lissafi. Tsofaffin kwamfutoci da yawa suna tura bit miliyan 100 cikin daƙiƙa ɗaya. A raba da 8, an sami mega 12 da rabi. In kundayen malamin jiga 20 ne, wato mega dubu 20, za su ɗauki daƙiƙa 1600, wato minti 26 da daƙiƙa 40. A zahiri yakan kai kamar rabin awa, don adireshi da lambobin da ke jikin kowane ƙunshi su ma suna cin wuri.

Sababbin kwamfutoci suna iya bit miliyan 1000, ninki 10 ke nan. Amma in sabuwa ta haɗu da tsohuwa, sai su shirya a kan saurin tsohuwar. Saurayin da ya rako kakansa kasuwa da takun kakan yake tafiya.

Daga ina wannan dabara ta fito?

Sunan wannan tsari Ethernet. Cikin 1973, shekarar da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da faransanci a Damagaram, wani injiniya mai suna Robert Metcalfe yana aiki a cibiyar binciken kamfanin Xerox, a garin Palo Alto na jihar Kaliforniya, Amurka. A can kowane ma'aikaci ana son ya sami kwamfutarsa, kuma dukansu su yi aiki da injin buga takarda ɗaya. Metcalfe ya rubuta shawararsa ranar 22 ga Mayu, 1973. Shi da abokin aikinsa David Boggs suka haɗa na farko. Saurinsa bai cika bit miliyan 3 a daƙiƙa ba.

A wancan tsari igiya ɗaya ce mai kauri, kowace kwamfuta ta rataya a jikinta. Sai suka zama kamar mutane a fada: mai son magana ya saurara tukuna, in wani yana yi ya jira. In biyu suka fara tare, duka su yi shiru, kowa ya ɗan dakata, sannan a sake. Cikin 1983 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta amince da ƙa'idar Ethernet, don na'urar kowane kamfani ta ji ta wani. Ƙa'idar igiya mai tufka ta zo cikin 1990 da bit miliyan 10. Ta miliyan 100 ta zo cikin 1995, ta miliyan 1000 a kan jan ƙarfe kuma cikin 1999.

Iyakar igiya

Igiyar jan ƙarfe tana da iyaka: metir 100. In ta wuce haka, saƙo yakan raunana, kamar kiran da aka yi daga gona mai nisa. Ta isa ta haɗa ɗaki da ɗaki, ko aji da ofishin shugaban makaranta. In kwamfutocin sun fi biyu, ana sa wani ɗan akwati mai kafofi da yawa a tsakiya, kowace ta jawo igiyarta zuwa gare shi.

Tsakanin gari da gari wata igiya ake amfani da ita, ta zaren gilashi, fibre optique. Ita haske take ɗauka. Irinta aka binne daga Yamai, ta Doso da Ƙonni da Maraɗi, har Damagaram. Amma ko a cikinta saƙon 1 da 0 ne, a ƙunshe, da adireshi a jikinsa. Wanda ya gane abin da ke gudana cikin igiyar metir 2 a ɗaki ya kama bakin zaren yadda intanet take aiki.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku kwamfuta biyu suke buƙata kafin kundi ya wuce tsakaninsu?
2. Don me ake tufka wayoyin da ke cikin igiyar sadarwa?
3. Wata kwamfuta tana da adireshi 192.168.1.5. Cikin waɗannan, wanne ya dace da abokiyarta: 192.168.1.5, ko 192.168.1.9, ko 192.168.7.9? Ku faɗi dalili.
4. Mene ne bambancin copier da couper? Wanne ya kamata malamin ya zaɓa?
5. Igiya tana wuce da mega 12 da rabi a daƙiƙa. Daƙiƙa nawa jiga 5 za su ɗauka?

Aiki

Ku kasu gida biyu. Gida na farko ya rubuta jimla mai kalma 10, kowace kalma a ƴar takardarta, da lambarta. Ku cakuɗa takardun, ku ɓoye ɗaya, ku miƙa sauran. Gida na biyu ya jera su bisa lamba, ya gano wadda ta ɓata, ya nemi a sake aiko ta. Sannan ku karanta jimlar da Hausa, ku fassara ta da faransanci.